Wanda Ba Ya Cikin Tayi: Gwanjon Bindiga a Amurka da Tambayar Adalcin Farashi

Idan aka ce wa Bahaushe "gwanjo", abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne tsofaffin tufafi da aka kwance daga dila aka baje a bakin titi, ko kuwa kayan wanda bashi ya ci wa wuya da kotu ta sa aka kaɗa wa ƙararrawa. A duka biyun akwai ɗan ƙanshin ƙasƙanci, domin kayan gwanjo kaya ne da suka riga suka ga duniya a hannun wani. To, a ƙasar Amurka akwai wata kasuwar gwanjo da ba ta da rumfa, ba ta da ƙararrawa, ba ta tashi dare da rana, kuma hajarta bindigogi ne, sababbi da tsofaffi. A kan intanet take ci. Abin da ya ja hankalina gare ta shi ne wani iƙirari da masu hulɗa da ita suke yawan yi, wato cewa ita ce ta zo ta bayyana wa kowa "farashin adalci" na tsohuwar bindiga. Wannan iƙirari nake son mu juya tare da mai karatu, mu ga inda ya yi gaskiya da kuma inda ya tsaya.

Bari mu fara da yadda kasuwar take. A shekarar 1999 kamfanin eBay, wanda shi ne uban gwanjon intanet, ya hana sayar da bindiga a shafinsa. A cikin wannan shekarar aka kafa GunBroker domin ya ɗauki masu cinikin da aka kora, ya kuwa bunƙasa har a shekarar 2021 wani kamfanin harsashi ya saye shi a kan kimanin dala miliyan 240. Shi shafin ba ya mallakar bindiga ko ɗaya. Dillali ne kawai, mai haɗa mai kaya da masu taya, ya karɓi la'adarsa idan ciniki ya faɗa. Mai kaya zai ɗora hotuna da bayani, ya sa ranar rufewa, masu so su yi ta ɗorawa a kan tayin juna. Akwai ma wata ƙa'ida da shafin ya yi suna da ita: ba a rufe gwanjo sai an yi minti 15 babu wanda ya ƙara ko kwabo, don kada wani ya laɓe har daƙiƙar ƙarshe ya fizge kayan. Wanda ya yi nasara kuma ba a aika masa bindigar gida. Tun dokar 1968, wadda aka yi bayan kashe-kashen manyan mutane a waɗannan shekaru, har da Shugaba Kenedi da aka harbe a 1963 da bindigar da aka yi odarta ta gidan waya a kan dala 19.95, duk bindigar da za ta tsallaka daga wata jiha zuwa wata sai ta sauka a shagon dillali mai lasisi. A can mai saye zai cike takarda, a binciki tarihinsa a na'urar hukumar FBI, sannan a miƙa masa.

Me ya sa tsohuwar bindiga take da irin wannan kasuwa? Dalili na farko shi ne yawa: wani ƙiyasi na shekarar 2017 ya nuna bindigogin da ke hannun farar hula a Amurka sun kai miliyan 393, wato sun fi mutanen ƙasar yawa. Na biyu kuwa shi ne ƙarko. Mota takan tsufa ta zama kwaraɓaɓɓiya, riga takan koɗe ta yage, amma bindigar da ake shafa wa mai, aka tsare ta daga tsatsa, za ta yi aiki a hannun jika kamar yadda ta yi a hannun kaka. Saboda haka kullum akwai wanda ya gaji bindiga, ko ya gaji da ita, ko buƙatar kuɗi ta taso masa, kuma dole ya yi tambayar nan: nawa take?

Kafin zuwan intanet, amsar tana hannun mutum biyu: mai shagon unguwa, da wani littafin farashi mai shuɗin bango da ake sabuntawa shekara-shekara tun wajajen 1980. A ƙaddara wata dattijuwa ce a wani ƙauye, mijinta ya rasu ya bar mata bindigogi shida a kabad, ba ta san ta farauta ba, ba ta san ta ado ba. Za ta ɗauke su ta kai shago ɗaya tilo da ke kusa da ita. Mai shago ya san cewa ɗaya daga ciki ta yi darajar mota, ita ba ta sani ba. Zai taya su a dunƙule, ta sallama, ta yi masa godiya ma. Babu wanda ya yi mata dole, babu wanda ya yi mata ƙarya, amma duk mai hankali ya san an cuce ta. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan irin cuta, shi ya sa aka hana tare fatake a bayan gari a saye kayansu tun ba su shigo kasuwa sun ji yadda farashi yake ba. Illar da ake gudu ita ce cin moriyar jahilcin mai kaya.

A nan dole a yaba wa gwanjon intanet, kuma yabon ba na fatar baki ba ne. Yau jikan wannan dattijuwa zai zauna ya duba nawa aka sayar da irin wannan bindiga sau ashirin a watannin baya, ba nawa aka nema ba, nawa aka biya. Idan ya ɗora ta a gwanjo, mai tara tsofaffin makamai da ke nisan mil dubu biyu zai gan ta, wani irinsa a wata jihar ma zai gan ta, su yi ta ja-in-ja har kuɗin ya kai inda ya kamata. Masu iya magana sun ce rashin tayi akan bar araha, to ga kasuwar da ba a rasa mai tayi. Har mai shagon unguwa ma yanzu ba ya iya yanka farashi yadda ya ga dama, domin wanda ya kawo masa kaya da waya a hannunsa ya shigo. Idan adalci yana nufin a cire duhun kai daga tsakanin masu ciniki, to wannan kasuwa ta yi aikin da muhtasibi ɗari ba za su iya ba.

Wannan ma'ana ce dokar harajin Amurka ta riƙe. A wurinta, farashin kasuwa na adalci shi ne kuɗin da kaya za su sauya hannu a kansa tsakanin mai son sayarwa da mai son saye, alhali babu wanda aka tilasta wa, kuma kowannensu yana da masaniya gwargwado game da abin da ake ciniki. Da wannan ma'auni ake ƙiyasta dukiyar gado, da shi ake lissafin kyautar da aka yi wa gidan tarihi. Ma'aunin ba baƙo ba ne ga tsofaffin masana. Toma Akwinas a ƙarni na 13 ya tattauna ko ya halatta a sayar da abu sama da ƙimarsa, waɗanda suka biyo bayansa kuma suka karkata ga cewa ƙimar abu ita ce abin da jama'a suka san shi da shi a kasuwa, muddin babu algus, babu ɓoye kaya. Malamanmu na Malikiyya ma sun halatta cinikin ƙari-ƙari, wato gwanjo, suka haramta najashi, wato mutum ya ƙara kuɗi ba don yana son saye ba sai don ya ingiza mai kantu ruwa. Ke nan kusan kowa ya haɗu a kan sharuɗɗa uku: yarda, sani, da rashin yaudara.

Sai dai idan muka matsa kusa da gwanjon muka leƙa cikinsa, za mu ga farashin da yake fitarwa ba muryar jama'a ba ce kamar yadda ake zato. A irin wannan gwanjo, mai taya yakan gaya wa na'ura iyakar abin da zai iya biya a asirce, ita kuma ta riƙa ƙara masa kaɗan-kaɗan duk lokacin da wani ya wuce shi. Sakamakon haka shi ne wanda ya ci gwanjon ba iyakarsa yake biya ba, yana biyan iyakar wanda ya zo na biyu ne da ɗan ƙari a kai. Wani masanin tattalin arziki, William Vickrey, ya yi bayanin wannan tsari tun 1961, aka ba shi kyautar Nobel a 1996, ya rasu kwana uku bayan sanarwar, bai kai ga karɓa ba. Abin lura a nan shi ne wanda ya sha kaye shi ne ya yanka farashi. Mutum dubu sun kalli bindigar sun wuce, wasu ɗari sun ga ba ta kai rabin kuɗin ba, amma ra'ayinsu bai shiga lissafi ba. Mutum biyu mafi kwaɗayinta a faɗin ƙasa su suka yi magana, aka rubuta maganarsu a matsayin "kasuwa". Gobe kuma wani zai ɗauko wannan adadi ya kafa hujja da shi a gaban magada ko kamfanin inshora.

Ƙari a kan haka, wanda ya fi kowa tayi sau da yawa shi ne wanda ya fi kowa kuskuren ƙiyasi. Wasu injiniyoyin man fetur uku ne suka fara fito da wannan magana a 1971, da suka lura kamfanonin da ke cinye gwanjon rijiyoyin mai su ne suke ƙarewa da asara. A cinikin tsohuwar bindiga abin ya fi sauƙin faruwa, domin sayen kifi a ruwa ne: hoto ba ya nuna tsagewar da ke ƙarƙashin ƙota, ba ya nuna cewa an sake yi wa ƙarfen fenti. Wani abin mamaki ga wanda ba ɗan hannu ba shi ne gyaran ma rage daraja yake yi. Bindigar shekara ɗari da ta koɗe da kanta ta fi wadda aka goge aka mayar sabuwa tsada nesa ba kusa ba. Shi kuwa najashi, bai mutu ba don an koma na'ura. Wanda zai turo ƙaninsa ya taya a kasuwar ƙauye zai iya buɗe suna na biyu ya taya wa kansa, ko da yake shafukan suna hana haka suna kuma korar wanda suka kama.

Duk waɗannan aibobi ne da ake iya ragewa. Idan an duba ciniki hamsin maimakon ɗaya, haukan mutum biyu zai narke a cikin hankalin saura. Don haka ba zan tsaya a kansu ba. Akwai abin da ya fi su nauyi, wanda yawan ciniki ba ya gyarawa.

A ranar 14 ga Disamba, 2012, wani matashi ya shiga makarantar firamare ta Sandy Hook ya kashe yara 20 da manya 6. Kafin a gama zaman makoki, farashin irin bindigar da ya yi amfani da ita, wato samfurin AR-15, ya yi tashin gwauron zabo a shafukan gwanjo, wasu har ninki biyu. Dalili shi ne mutane sun ɗauka gwamnati za ta haramta ta, kowa yana son ya mallaka kafin a rufe ƙofa. A watan Afrilu na 2013 yunƙurin ya faɗi a majalisar dattawa, farashi ya sauko, waɗanda suka saya da tsada suka zauna da kayansu. Haka kuma a 2020, shekarar annobar korona da zanga-zanga da zaɓe mai zafi, binciken da FBI ta yi wa masu neman makami ya kusa miliyan 40, adadin da ba a taɓa gani ba kafin nan, kantuna suka bushe, tsofaffin bindigogi suka riƙa tafiya a farashin sababbi ko fiye.

To, a nan mai karatu ya dawo da ni ga sharaɗin nan na cewa babu wanda aka tilasta wa. Mutumin da ya kwana yana jin jiniya, ya tashi ya biya ninkin kuɗi domin yana ganin gobe za a fasa masa ƙofa, shin da yardarsa ya saya? Lauya zai ce e, tun da babu wanda ya sa masa wuƙa a wuya. Masanin tattalin arziki zai ƙara da cewa tsadar ma alheri ce, domin ita ce take fito da bindigogin da ke kwance a kabad zuwa hannun masu buƙata, kuma ba don ita ba da sai dai ɗan gata ya samu. Na ji wannan hujja, kuma ba ta wofi ba ce. Amma tsoro wani irin tilas ne da ba ya barin tabo a jiki. Mun san abin da muke kiran ɗan kasuwar da ya ninka kuɗin hatsi a shekarar fari, ko da kuwa kowane mai saye da ƙafarsa ya zo. Bambancin kawai shi ne a gwanjo babu fuskar da za a zarga. Mai kaya zai ɗaga hannu ya ce shi bai yanka farashi ba, su suka taya. Gaskiya ya faɗa. Wannan ita ce babbar hikimar gwanjo, ita ce kuma abin tsoronsa: yana raba alhaki ƙanana-ƙanana har ya zama babu wanda ya ɗauki abin da zai hana shi barci.

Haka kuma bindiga tana da wata ɗabi'a da hatsi ba shi da ita. Idan maƙwabcina ya sayi buhun gero, yunwata ba ta ƙaru ba. Idan ya sayi bindiga don tsoro, tsorona ya ƙaru, ni ma sai in shiga layi. Ke nan hajar da kanta take haifar da buƙatarta, farashin kuma yana auna zafin zazzaɓin da shi ma yake ƙara hurawa.

Ba tsoro kaɗai ake saya a wannan kasuwa ba, ana sayen labari. Ƙaramar bindigar nan Colt Python, wadda aka fara ƙerawa a 1955 aka daina a 2005, ta yi tsada ƙwarai bayan da jarumin wani shirin talabijin da aka fara a 2010 ya riƙa yawo da ita a kugu, har kamfanin ya dawo da ƙera ta a 2020. Doka ma takan yi farashi: tun da aka rufe rajistar sababbin bindigogi masu sarrafa kansu ga farar hula a 1986, waɗanda aka riga aka yi wa rajista suka zama kamar filin tsakiyar birni, ana sayar da guda a kan dubban daloli masu yawa alhali ƙarfen jikinta bai kai kaso kaɗan na kuɗin ba. Waɗannan ba su dame ni ba. Wanda ya ga zai zuba dukiyarsa a kan sha'awa, ruwansa. A watan Agusta na 2021 wani gidan gwanjo ya sayar da bindigar da Pat Garrett ya kashe ɗan fashin nan Billy the Kid da ita a 1881 a kan dala miliyan 6 da 'yan kai. Wannan ma mutum zai iya cewa tarihi aka saya, shekara 140 sun wanke jinin.

Amma ina za mu ajiye abin da ya faru a watan Mayu na 2016? A watan Fabrairu na 2012, a jihar Filorida, George Zimmerman ya harbe wani yaro baƙar fata ɗan shekara 17, Trayvon Martin, wanda ba ya ɗauke da makami. A 2013 kotu ta sallame shi bisa hujjar kare kai. Da hukuma ta mayar masa da bindigar, sai ya ɗora ta a gwanjon intanet, ya buɗe tayi da dala 5,000, yana tallarta a matsayin wani yanki na tarihin ƙasa. Bindiga ce mai araha, sabuwarta 'yan ɗaruruwan daloli ce. GunBroker ya sauke tallar, wani shafin ya karɓa. Mutanen da abin ya fusata suka shiga da sunayen bogi suka yi ta tayin ƙarya har adadin ya haura dala miliyan 65, aka soke, aka sake. A ƙarshe rahotanni suka ce an sayar da ita a kan dala 250,000.

A auna wannan ciniki da sharuɗɗanmu uku. Mai sayarwa ya yarda, mai saye ya yarda. Kowa ya san abin da ake sayarwa, sanin ma shi ne ya kawo kuɗin. Babu algus. Idan ma akwai wanda ya karya ƙa'idar kasuwa, to masu tayin ƙaryar nan ne, wato najashi suka yi, ko da yake nasu don su ɓata cinikin ne. Ga shi kuwa zuciyar mutum tana karkata ga masu najashin, tana ƙyamar masu cinikin "halal". Me ya jawo haka? Idan aka ɗebe kuɗin ƙarfe da roba daga cikin dala 250,000, abin da ya saura kuɗin mutuwar yaron ne. Ita aka taya, ita aka sallama. Iyayensa kuwa, waɗanda su ne masu wannan mutuwa idan har mutuwa tana da mai ita, ba a tambaye su ba, ba su da hurumin cewa albarka.

Wannan shi ne inda iƙirarin farashin adalci ya tsaya. Ma'aunin da aka gina shi a kai na mutum biyu ne, mai bayarwa da mai karɓa, kuma ya isa idan hajar agogo ce ko darduma. Bindiga kuwa kayan mutum uku ce tun daga ranar da aka ƙera ta: mai sayarwa, mai saye, da wanda bakinta zai iya kallo wata rana. Na ukun ba shi da suna a lokacin ciniki, wataƙila ma ba a haife shi ba. Wani lokaci matar mai sayen ce. Sau da yawa kuma mai sayen ne da kansa a wani dare da duniya ta yi masa ƙunci, domin daga cikin mutum 48,830 da bindiga ta kashe a Amurka a 2021, fiye da rabi su suka kashe kansu. Gwanjo yana jin muryar duk wanda yake da kuɗi da sha'awa, kuma ya fi kowace kasuwa iya jin ta. Wanda abin zai faɗa wa ba ya cikin masu sha'awa, saboda haka ba ya cikin tayi.

Ba za a rasa mai cewa na yi wa bindiga rashin adalci ba. Zai ce mafi yawan waɗannan miliyoyin bindigogi ba za su taɓa taɓa jinin mutum ba har su ruɓe. Na farauta ne, na wasan harbi ne, na gadon kaka ne. Zai ce mota ma tana kisa, ba a kuwa ce farashin tsohuwar mota zalunci ne ba. Zai ƙara da cewa cinikin da ya bi ta gwanjo ya sauka a shagon mai lasisi ya fi tsafta a kan wanda ake yi hannu da hannu tsakanin mazauna jiha ɗaya, inda dokar tarayya ba ta wajabta wa mai sayarwa na kashin kansa ya binciki mai saye ba, sai dai idan jihar ta sa tata dokar. Duk na karɓa. Dattijuwar nan mai bindigogi shida ba ta yi laifin komai ba don ta sami kuɗi mai kyau, kuma ba na fatan a mayar da ita hannun mai shagon unguwa. Game da mota dai, ai kusan kowace jiha ta tilasta wa mai ita ya yanki inshorar wanda zai iya bugewa kafin ya hau titi. Wato an saka mutum na uku a cikin kuɗin mallakarta da ƙarfin doka. Harajin tarayya da ke kan bindiga kuwa, kashi 10 ko 11 cikin ɗari, a kan sabuwa ake karɓarsa daga hannun maƙeri, kuma tun dokar 1937 ana karkatar da irin wannan kuɗi ga kula da namun daji. Barewa da agwagwar ruwa suna da kaso a farashin bindiga. Sai a 2024 jihar Kalifoniya ta fara karɓar nata harajin na kashi 11 don ayyukan rage tashin hankali.

Malaman fiƙihu sun ga mutum na ukun nan tun da daɗewa. Su da suka halatta gwanjo, suka halatta cinikin takobi da mashi, su ne kuma suka hana sayar da makami a lokacin fitina, ko ga wanda aka san ɓarna zai yi da shi. Ba su ce kuɗin ya yi yawa ko ya yi kaɗan ba. Sun raba tambaya biyu ne da harshen kasuwa yake son haɗewa: nawa abu yake, da kuma ko ya dace a sayar da shi yanzu, ga wannan mutum. Ta farko lissafi ce, kuma na yi imani babu abin da ya kai gwanjon intanet iya amsa ta. Ta biyu kuwa ba a amsa ta da ƙarin dala biyar-biyar. Abin da nake zargi shi ne aron kalmar adalci da aka yi daga tambaya ta biyu aka liƙa wa amsar ta farko, har mai ciniki ya ji kamar an wanke shi daga duka biyun.

Wanda yake son ya ga inda wannan aro yake kaiwa, ya dubi jihar Kentaki. Tun 1998 dokar jihar ta ce bindigogin da 'yan sanda suka ƙwace, idan an gama shari'a, ba a lalata su. A miƙa wa 'yan sandan jiha su yi gwanjonsu ga dillalai masu lasisi, a sayi rigunan sulke da makamantansu da kuɗin. Hujjar a fili take: kaya ne masu daraja, ƙona su almubazzaranci ne da dukiyar jama'a. A watan Afrilu na 2023 wani ma'aikacin banki ya harbe abokan aikinsa biyar a birnin Louisville, magajin garin ya fito ya shaida wa duniya cewa bisa wannan doka, bindigar da aka yi kisan da ita wata rana za ta koma kasuwa. A 2024 majalisar jihar ta yi gyara. Ba ta ce a riƙa narkar da bindigar da aka yi kisa da ita ba. Abin da ta yarda da shi shi ne wanda ba dillali ba ma yana iya shiga gwanjon irin wannan bindiga, bisa sharaɗin idan ya ci zai bar ta a hannun 'yan sanda su lalata. Wato uwar da take son ta tabbata ƙarfen da ya kashe ɗanta bai sake shiga hannun kowa ba, an buɗe mata ƙofa ta zo ta taya, ta kuma tanadi kuɗin da zai wuce na dillalin da ya zo na biyu.